Rasuwar Ƙirƙir, Keken Mitsi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, direban motar burodi na gidan nan mai jar ƙofa, wanda maƙwabta ke kira Baban Mitsi, a madadin kansa da maiɗakinsa da 'yarsu tilo, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar keken 'yarsa, wanda aka fi sani da Ƙirƙir. Marigayin ya gamu da tsautsayi ranar Litinin da hantsi a tsakar gida, ya kuma cika ranar Alhamis a shagon mai walda, bayan jinyar kwana uku. Wata goma sha huɗu ya yi a hannun iyalin.

Ga waɗanda ba su san shi ba, keken tsaye ne, irin wanda masu shago ke ce wa sikuta. Ba shi da sirdi, ba shi da feda. Yaro kan ɗora ƙafa ɗaya a kan matakinsa, ya kama mariƙi, ya riƙa tura ƙasa da ɗaya ƙafar. Kore ne shar, mai taya uku. Sunansa kuwa daga bakinsa ya fito, domin duk inda ya bi a kan siminti abin da yake faɗa ke nan: ƙir-ƙir-ƙir. Bai taɓa cewa komai ba bayan wannan.

Ba za a fahimci girman rashin nan ba sai an san yadda marigayin ya shigo gidan.

Mitsi, sunan da kakarta ta laƙaba mata don ƙanƙantarta ranar da aka haife ta, ta zo duniya da ƙafar hagu a lanƙwashe, tafin yana kallon ciki. Tun tana sati biyu ake naɗe mata ƙafar da filasta, a kwance a sake naɗewa. Daga nan aka koma takalman nan masu ƙarfe a tsakani, waɗanda take barci da su tana kuka har muryarta ta dushe. Ƙafa ta miƙe, likitoci suka ce aiki ya yi kyau. Sai dai yarinyar ta ƙi yarda da ita. Ta kai shekara biyu da rabi tana tafiya kamar da ƙafar aro: ta taka dama, ta jawo hagu, taku biyar ta zube a ƙasa ta ɗaga hannu a ɗauke ta. Uban kuwa ba ya iya ganin hannun nan a ɗage ya wuce.

Likitar gashin ƙashi ce ta yi masa magana, wata mace mai gilashi wadda ba ta kwana-kwana.

"Baban Mitsi, ƙafar nan lafiyarta ƙalau. Tsoro ne kawai. Kai kuma kana ƙara mata, kullum tana saɓe a kafaɗarka."

Ya ce, "To yaya zan yi, Likita? Kuka take."

"Ka nemo mata keken tsaye. In wasa ya ɗauke mata hankali, za ta manta wace ce mai ciwon. Amma kada ka kwaso mata duk wanda ka gani."

Ta lissafa masa, shi kuma ya rubuta a bayan takardar da yake raba burodi da ita. Taya uku, biyu a gaba, don kada ya kayar da ita. Mataki mai faɗi, kusa da ƙasa, wanda ba ya santsi. Mariƙi ya tsaya mata tsakanin cibiya da ƙirji, kada ya kai haɓa. Kuma ya zama mara nauyi, yadda in ya faɗi ita da kanta za ta tayar da shi, ba sai ta kira wani ba.

Da ya dawo gida ya karɓi zare a wurin Maman Mitsi, wadda ɗinki ne sana'arta, ya tsayar da yarinyar a jikin bango ya auna daga ƙasa zuwa cibiyarta, ya ƙulle. Da zaren nan a aljihu ya shiga kasuwa ranar Asabar bayan ya gama rabo.

Shago uku ya shiga. A na farko duk masu taya biyu ne, na manyan yara. A na biyu akwai mai taya uku, amma da ya ɗaga shi sai ya ji kamar ya ɗauki jak ɗin mota. A na uku mai shagon ya fito masa da wani ja, tayoyinsa na walƙiya, yana waƙa in an danna.

"Yallaɓai, wannan shi ake yayi. Yaran manya duk shi suke hawa."

Baban Mitsi ya zaro zarensa ya gwada. Mariƙin ya wuce ƙullin da tsawon hannu, kuma ba ya sauka. Ya girgiza kai. Sai ya hango wani a can ƙuryar shagon, a bayan kwalaye, ƙura ta rufe shi. Ba wuta, ba waƙa. Ya jawo shi, ya kwance maƙullin mariƙin ya sauke shi har ya zo daidai ƙulli. Ya shafa matakin da tafin hannu, ya ji shi da kaushi. Ya juya tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana kasa kunne, kamar yadda yake sauraron injin motarsa da safe. Daga nan ya ɗora ƙafa ya hau da duk nauyinsa.

Mai shago ya dafe kai. "Haba Yallaɓai! Na yara ne fa!"

"Na sani. In ya ɗauke ni zai ɗauke ta."

Marigayin ya ɗauke shi, ko ƙara bai yi ba. A ranar ya zama ɗan gida, shi da wata 'yar hular kwano ruwan ɗorawa da aka haɗo su tare.

Ba za a ɓoye ba, farkon zamansa bai ga tarba ba. Kwana tara yana jingine a bakin ƙofar ɗaki, Mitsi tana kewaye shi kamar baƙon kare. Bai yi fushi ba, bai ƙosa ba. Rana ta goma ta kama mariƙin tana jansa a ƙasa. Bayan sati ta ɗora ƙafar dama a kan mataki, ta tsaya shiru, domin babu abin da zai tura keken sai ta hagu. Uwar tana kan keken ɗinki ta taga tana kallo, ta tsayar da ƙafarta. Yarinya ta dangwala yatsun hagu a ƙasa ta tura. Ƙir. Ta sake. Ƙir-ƙir. Uwar ta ce ba ta san lokacin da ta soke yatsanta da allura ba.

Daga ranar gidan bai ƙara yin shiru ba. Daga bakin famfo zuwa ƙofar gida, daga ƙofar gida zuwa gindin igiyar shanya, ƙir-ƙir-ƙir tun safe har a kira ta cin abinci. Bayan wata huɗu takalmin hagu ya huje a ƙasa. Uban ya kai shi asibiti a leda, likitar ta ɗaga shi tana leƙen haske ta cikin hujin, ta ce tunda take aiki ba a taɓa kawo mata tsaraba irin wannan ba.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya kwana a ruwan sama, ya faɗa kwata, an ɗora masa bulo, an yi masa wanka da ruwan wanke-wanke. Kaka ta sha yin tuntuɓe da shi a bakin ƙofa tana cewa wata rana sai ta jefa shi bayan katanga, amma ita ce ke goge shi da bakin zaninta in ta zaci ba a kallonta. Bai taɓa kayar da yarinyar ta ji ciwon da ya wuce ƙujewar gwiwa ba. Rashin lafiyarsa duka ba ta wuce tayar baya da ta fara kuka ba, wadda ɗigon mai biyu ya warkar, da robar mariƙi da ta yage aka naɗe da salatif.

Yanzu sai yadda abin ya faru. Mai sanarwar ya roƙi a karanta wannan sashe har ƙarshe, domin abin da ya faɗa wa mutane a ranar ba shi ne duka ba.

Ba al'adarsa ba ce shigar da mota cikin gida da rana. Amma ranar Litinin ɗin ya biyo da tukunyar gas da ya cika, ya ga nauyinta, sai ya buɗe ƙofa ya shiga da motar har bakin kicin. Da ya sauke, ya ga Mitsi can wajen igiyar shanya a kan kekenta, hula a kai. Ta ɗaga masa hannu. Ya shiga ya sha ruwa, ya tsaya suna magana da uwar a kan wata riga. Da ya fito ya hau mota sai waya ta yi ƙara. Maigidansa ne na gidan burodi, yana faɗa shaguna huɗu sun kira ba a kai musu ba. Ya maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, yana ba da haƙuri, ya saka giyar baya.

Shekara goma sha shida yana tuƙi. Ya san motar burodi ba ta da gilashin baya. Ya san dole ne mutum ya sauka ya zaga ya duba. Bai sauka ba.

Tayar baya ta hau wani abu, motar ta ɗan ɗaga, aka ji ƙarar abu yana rugurgujewa. Ya taka birki. A madubin hagu ya ga hular kwano ruwan ɗorawa tana gangarawa a kan siminti, tana juyi, har ta bugi bango ta kife.

Wayar ta faɗi tsakanin ƙafafunsa, muryar maigidan tana ta fitowa daga ƙasa. Bai buɗe ƙofa ba. Ya ji ihun matarsa, irin wanda bai taɓa ji daga bakin ɗan'adam ba, ya ga ta wuce ta gefen motar da gudu ba ɗankwali. Shi yana zaune. Wannan ma yana cikin abin da yake so a sani: uwar ce ta riga shi zuwa. Da ƙyar ya zuro ƙafa ƙasa, ya bi jikin motar yana dafawa. Ya tarar da ita rub da ciki, rabin jikinta a ƙarƙashin mota, tana laluba da hannu tana kiran sunan yarinyar. Daga ƙarƙashin taya mariƙi kore ya leƙo, a lanƙwashe.

Sai aka ji murya daga bayansu.

"Baba, ka taka Ƙirƙir."

Mitsi ce tsaye a ƙofar banɗaki, riƙe da wandonta da hannu biyu. Fitsari ne ya matse ta. Ta faka kekenta a inuwar motar, ta cire hula ta rataya a mariƙi kamar yadda aka koya mata, ta tafi.

Ya kamata a ce uban ya durƙusa ya rungume ta. Ya rungume ta ɗin, har ta yi ƙara don matsa. Amma daga nan ya riƙe kafaɗunta ya girgiza ta, ya daka mata tsawar da aka ji har gida na uku.

"Wa ya ce ki ajiye shi a nan? Ba ki da hankali ne? Wa ya ce ki ajiye shi a bayan mota?"

Yarinyar ba ta yi kuka nan take ba. Ta dube shi kawai. Uwar ta fito daga ƙarƙashin motar, gwiwar hannunta na jini, ta ɓamɓare yatsunsa daga jikin 'yar, ta ɗauke ta suka shige ɗaki. Maƙwabta suka cika gidan. Ya ce musu ya duba madubi biyu bai ga komai ba, yara ne da ajiye abu ko'ina. Kowa ya ce Allah ya kiyaye gaba, aka watse.

Da la'asar ya naɗe marigayin a buhu ya kai wa mai walda na bakin titi. Matakin ya rabe biyu, tayar gaba ɗaya ta fashe, ƙarfen wuya ya murɗe. Mai walda ya juya shi, ya taɓe baki.

"Direba, wannan ai sai dai haƙuri. Rabinsa roba ne, wuta ba ta kama shi."

"Ka gwada dai."

"Sabo ai ya fi maka sauƙi."

"Ka gwada, don Allah."

Mutumin ya dubi fuskarsa, bai ƙara musu ba. Ya yi iya yinsa. Ya gasa wuyan ya miƙar, ya yanko farantin ƙarfe ya ɗaure matakin ta ƙasa da kusoshi, ya nemo tayar wata tsohuwar kujerar ofis ya saka a gaba. Ranar Laraba marigayin ya tsaya da ƙafafunsa, har ya yi 'yar tafiya a gaban shagon, ko da yake muryarsa ta sauya, ta koma gwar-gwar. Ranar Alhamis da safe mai walda ya ɗora hannu a mariƙin ya ɗan danna don gwaji, wuyan ya ƙarasa karyewa daga inda aka gasa. Ya aiko a faɗa wa direba ya zo ya ɗauki kayansa.

A cikin kwanakin nan uku Maman Mitsi ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi masa sauƙi. Tana dafa abinci, tana ajiye masa, tana amsa gaisuwa. Ranar Alhamis da ya dawo da buhun daga wurin mai walda, ya tarar da ita a kan keken ɗinki ba ta ɗinka komai. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Maman Mitsi, ban duba ba. Waya nake yi. Ban sauka ba, madubin ma ban kalla ba sai da na ji ƙarar."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani. Ta tagar nan na gan ka, waya a kunne."

"To me ya sa ba ki faɗa ba, da nake gaya wa mutane…"

"Jira nake in ga ko za ka faɗa da bakinka." Ta juyo. "Ni ba ni ka yi wa tsawa ba, Baban Mitsi. Ka je ka same ta."

Ya same ta a ɗakin kaka, zaune a tabarma. Ya durƙusa har kansa ya zo daidai nata, ya ce mata ba ta yi laifi ba, inda ta ajiye kekenta daidai ne, Baba ne bai duba ba. Ta saurare shi tana wasa da yatsun ƙafarta. Da ya gama ta ce, "Ina Ƙirƙir?" Ya ce ya lalace, ba zai tashi ba. Ta ce, "Ya ji zafi?" Kaka ce ta ce masa, "Tashi ka ba yarinya wuri, kai ma ka je ka wanke fuskarka."

Marigayin ya rasu ya bar hular kwano, wadda ko ƙwarzane ba ta yi ba, da tayar gaba guda ɗaya mai lafiya, da 'yar sifanar da aka sayo shi da ita. Ya bar kaka, wadda har yanzu takan ɗaga ƙafa a bakin ƙofa don tsallake abin da babu shi. Ya bar direba wanda tun ranar, duk sanda zai yi baya, ko a filin da ba kowa, sai ya sauka ya zaga motar, wani lokaci sau biyu, har yaran gidan burodi sun fara yi masa dariya, maigidan kuma ya ce in latti ya ci gaba za a sake lale.

Ya kuma bar Mitsi, mai shekara uku da wata takwas. Tun ranar Litinin ɗin ba ta fita tsakar gida ita kaɗai ba. In ta ji ƙarar mota, ko ta maƙwabta ce, sai ta shige bayan ƙofa. Ta koma jan ƙafar hagu. Likitar ta duba ta ta ce ƙashi da jijiya duk ƙalau, abin ba a ƙafa yake ba, zai ɗauki lokaci, kuma ba ta san ko nawa ba. Yau Asabar uban ya kai ta shagon nan na uku. Akwai kore iri ɗaya sak, mai shago ya goge shi ya ajiye a gabanta. Ta dube shi, ta ɓoye hannayenta a baya.

"Ba shi ba ne."

Ba a matsa mata ba. Suka dawo hannu wofi, tana saɓe a kafaɗarsa.

Iyalin suna godiya ga mai walda, wanda ya ɓata kwana uku a kan abin da ya san ba zai yiwu ba, da maƙwabciyar da ta wanke wa Maman Mitsi ciwon hannunta. Suna roƙon masu zuwa jaje su daina cewa ai keke ne kawai. An sani. Su kuma daina cewa da a ce yarinyar aka taka fa. Wannan ma an sani, ba a bukatar tuni.

Za a yi rakiyar marigayin gobe Lahadi da ƙarfe goma na safe, lokacin da mai sayen tsofaffin ƙarafa zai biyo da kurarsa. Ba za a ɗora shi a sikeli ba, ba kuma za a karɓi komai a kansa ba. Zai fita a cikin buhunsa, a rufe, domin uwar ta ce kada yarinyar ta ga yadda ya koma. An tambayi Mitsi ko za ta raka shi bakin ƙofa, ta ce sai in Mama za ta riƙe mata hannu. Uban zai bi su a baya.

Za a zauna karɓar gaisuwa a tsakar gida har azahar. Duk wanda zai zo da mota ko babur, ana roƙonsa ya ajiye a bakin titi ya ƙaraso da ƙafa. An sa wa babbar ƙofa kwaɗo, makullin yana hannun Maman Mitsi.